Ƙirgen Bugun Zuciyar Malam

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya sa na daure yau shi ne wata maƙwabciyata da ta ce mani mijinta na yawan dafe ƙirji, tana faɗi tana dariya. Ni ma na taɓa yin irin wannan dariyar.

Sunana Saude, ina koyarwa a makarantar firamare. Mijina malamin gona ne a Dutsin-Ma, amma asalinsa mutumin Barkiya ne ta ƙasar Kurfi. Ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuma zan fara yanzu ba. Malam nake ce mashi, shi kuma ya ce mani Malama. Shekara uku muka yi tare.

Ni mai son karatun littattafan soyayya ce, ƙananan nan da ake kawowa daga Kano, muna aron juna har bangonsu ya fita. A cikinsu na koyi cewa in namiji na son mace, zuciyarsa bugawa take kamar ana daka, tafin hannunsa ya yi sanyi, abinci ya fita ransa. Malam kuwa duk yana da waɗannan. In ya dawo daga aiki na kawo mashi ruwa, sai in hango jijiyar wuyansa tana harbawa. In koma madafa ina murmushi ni kaɗai, ina cewa a raina, shekara uku da aure amma har yanzu ganina na kaɗa shi. Wallahi haka na ɗauka, kuma na daɗe ina jin daɗin haka.

Abin ya fito fili bayan ƙaramar Sallah, a daminar shekarar da aka ba mu jiharmu ta Katsina. Ruwan farko ya sauka, takin zamani ya iso, aka ɗora wa Malam alhakin rabonsa. Tun daga ranar ƙofar gidanmu ba ta sake zama ba kowa ba. Yana dawowa daga sallar asuba zai tarar da mutane tsugune, kowa da buƙatarsa. Ya fara kukan ciwon ƙeya, sannan jiri. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, sai ya zauna daɓas a ƙasa yana tambayata ko ni ma ina ganin ɗakin na juyawa.

Mun isa asibiti da hantsi. Layin yankar kati daban, layin ganin likita daban, benci biyu ne kawai, sauran mutane a ƙasa ƙarƙashin dalbejiya. Ba mu shiga ba sai da aka kira azahar. Likitan Ba'indiye ne, dattijo mai sanyin murya. Nas ɗin da ke mashi tafinta kuwa Sista Rahila ce, Kirista 'yar kudancin Zariya, wadda ke haya a bayan gidanmu, muna aron turmi da rariya ta kan katanga.

Ya ɗaura wa Malam abin awo a damtse, ya matsa, ya saurara, ya ce hawan jini ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana gishiri da yawa. Sannan ya tambaye shi abin da ke damunsa.

"Ba komai, likita. Alhamdu lillahi."

Likita ya kama wuyan hannunsa ya riƙe, yana kallon agogo, yana ta 'yan tambayoyi. Ya gida? Lafiya. Ya abinci? Lafiya. Wane aiki kake? Malam ya ce rabon taki. Sai na ga dattijon ya ɗago kai ya yi murmushi, ya faɗi wata magana, Sista ta juya mana ita: "Ya ce bakinka ya ce ba komai, amma hannunka ya ce akwai komai."

Wannan maganar har gobe tana kunnena.

Da yamma Sista ta shigo gidanmu, ta ce likita ya aiko ta ta koya mana wani abu. Ta sa Malam ya jingina da bango ya miƙe ƙafa. Ta karɓi agogonsa ta ba ni. Ta kama yatsuna uku ta ɗora su a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa, har na ji wurin na motsi. Ta ce in ƙirga bugun har siririyar allurar agogo mai gudu ta zagayo sau ɗaya, in faɗi adadin da ƙarfi ya ji. Shi kuma ya shaƙi iska ta hanci a hankali, ya sake ta a hankali fiye da yadda ya shaƙa, ya saki kafaɗa, ya saki haƙora. In sake ƙirgawa, in sake faɗa mashi. Haka har sau goma, safe da yamma.

Malam ya ce, "Sista, wato yau numfashi za a koya mani? Shekara talatin da takwas ina yin abina ba malami."

"Shi ya sa ka iya shi a karkace, Malam. Rufe ido."

"To in na yi barci fa?"

"Sai mu yi guɗa."

Ta ce mana kada mu ɗauka wannan zai maye gurbin ƙwaya. Ƙwaya dole ce. Wannan kamar madubi ne: mutum ba ya jin lokacin da jikinsa ya ɗaure, amma in ana faɗa mashi adadin, yana jin ya hau yana jin ya sauka, sannu a hankali zai gane abin da yake yi da ke saukar da shi, har ya iya yi da kansa.

Ƙirgen farko ɗari da huɗu na samu. Na biyar, casa'in da takwas. Na goma, casa'in da biyu. Malam ya buɗe ido ya dube ni kamar na yi wani siddabaru.

Ya gwada ƙirga wa kansa, abin ya ƙi. Da ya ji bugun a yatsansa sai tsoro ya kama shi, ya rikice, adadin ya ƙara hawa. Ya miƙo mani agogon ya ce, "Riƙe, Malama. Wannan aikin naki ne."

Sati na biyu da na uku su ne kwanakin da suka fi kowane daɗi a aurena, ko da yake kwanakin ciwo ne. Bayan ya karya kumallo mu zauna, bayan la'asar mu zauna. A shekara uku ban taɓa riƙe hannunsa da rana tsaka ba sai a lokacin. Na fara sanin abin da ke cikinsa ba tare da ya faɗa ba. In aka yi sallama a ƙofar gida, kafin ya motsa na ji bugun ya zabura a ƙarƙashin yatsuna. In babur ya tsaya a waje, haka. In kuwa na ce mashi ya tuna tafkin bayan garinsu, inda yake kai shanu shan ruwa yana ƙarami, sai in ji abin na lafawa, yana lafawa, kamar ruwan sama in ya kusa ɗaukewa.

A nan ne ya fara gaya mani abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Buhunan da aka kawo ba za su kai rabin masu nema ba. Manya na aiko mashi da 'yan takardu. Dangi kuma sun ɗauka sito nashi ne. Ya ce, "Kowa na ba, na hana goma. Kuma goman nan duk na san iyayensu."

Wata yamma na ƙirga na samu saba'in da takwas. Na faɗa mashi. Bai buɗe ido ba, ya ce, "Kin ga, in kina riƙe da ni sai ta kwanta." Ranar na ɗebe littattafan nan na zuba su a ƙasan akwati. Ashe duk abin da suka koya mani a juye yake. Ban ji haushinsu ba, kaina na ji wa kunya.

Da muka koma asibiti a ƙarshen sati na uku, likita ya auna ya gyaɗa kai. Ya ce an samu sauƙi, amma da saura. Ya rubuta wa Malam hutun sati uku, ya ce ya nisanci hayaniya. Mun yi ta godiya. Ba mu san hutun nan shi zai buɗe mana ƙofa ba.

Labari ya kai Barkiya cewa Malam na kwance, har ya daina zuwa aiki. Kwana biyu tsakani sai ga a-kori-kura ta sauke mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da ƙanenta Kawu Sale. Sun zo da kaji biyu, da ƙwaryar fura, da ƙullin sassaƙe. Kawu ya juya, Inna ta ce ba inda za ta sai jiki ya yi kyau.

Malam ɗan fari ne a wurin Inna. Ba ta kama sunansa, ba ta zama ta fuskance shi, ba ta yi mashi magana kai tsaye sai ta kama dole. "Mai gidan nan" take ce mashi, ko da yana zaune a gefenta. In za ta tambayi jikinsa, ni take tambaya: "Ya ci kuwa?" Gidanmu ciki da falo ne. Malam na kwance a falo, Inna ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa tana kaɗa auduga, daga safe har magariba. Ni kuwa ko ruwa na kawo mashi sai in ajiye in fita da sauri, kaina a ƙasa. Ina ni ina zama kusa da shi, balle in kama hannunsa a gaban uwar da ta haife shi?

Ƙirge ya tsaya ke nan.

Sai kuma 'yan dubiya. Ba zan yi butulci ba. Mutanen nan sun bar gonakinsu a tsakiyar noman farko, sun biyo hanyar da mota ke kafewa a laka, wasu a keke, wasu a ƙafa tun daga Birchi. Wata tsohuwa ta kawo mashi ƙwai uku a cikin ɗan kwano, shi ke nan abin da take da shi. Allah ya saka masu. Amma kowa ya shigo sai Malam ya tashi zaune, ya amsa gaisuwa tun daga farko har ƙarshe. Kuma kowa da maganinsa. Wannan ya ce a kira wanzami ya yi mashi ƙaho a ƙeya, mugun jini ne. Wancan ya ce tafarnuwa da zuma. Wani ya ce ƙwayar asibiti ce ke kashe mashi jiki, ya bar ta ya sha jiƙo. An yi ƙahon, an sha jiƙon, an sha rubutu. Ƙwaya dai ban bari ya daina ba, sai kwana uku da ta ƙare, asibiti suka ce babu, kemis ma sai da aka aika Katsina.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ƙarshen gaisuwar. Mutum zai yi addu'a, ya shafa, ya miƙe har ya kai ƙofa, sai ya juyo: "Af, Malam, maganar takin nan fa." Ina madafa ina jinsu. Ba na riƙe da hannunsa, amma na san abin da ke faruwa a cikinsa.

Sista Rahila ta leƙo ta kan katanga wata safiya ina wanki.

"Saude, kwana nawa rabonki da ƙirga?"

Na ce tara.

"Tara! Ke lafiyarki ƙalau?"

"Sista, uwarsa fa na nan."

"To uwarsa ba ta son ya warke ne?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Shekarata goma sha ɗaya a garin nan, na san kunyarku. Bari in shigo da farin kayana in gaya mata likita ne ya ce. Ni ba surukarta ba ce, ba abin da zai kama bakina."

Na ce ta rufa mani asiri. Na ce tsohuwa za ta ɗauka ƙararta na kai, ko ta ce na gaji da zamanta. Na ce saura kwana kaɗan ta tafi, sai mu ci gaba. Sista ta sauka daga kan turmin da ta taka. Wannan laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Ranar Alhamis ta sati na shida, bayan la'asar, Kawu Sale ya dawo da mutum uku. Ba su daɗe da gaisuwa ba aka shiga maganar. Malam ya ce yana hutu, takardun ma ba sa hannunsa. Kawu ya ɗaga murya.

"Yo mu da muka ɗauke ka a kafaɗa muka kai ka makaranta, yau mu ne za mu bi layi? Ko kau boko ya hana ka sanin naka?"

"Kawu, ba haka ba ne."

"Haka ne mana! Gero na can ya yi ja, kai kana nan kwance kan katifa."

Suka fita ba sallama. Na ɗebo ruwa na shiga. Malam na jingine da bango, gumi na tsattsafo mashi a goshi, leɓensa ya bushe. Inna na bakin ƙofa da mazarinta. Na ajiye kofin zan juya, sai na ga ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tabarma. Ya miƙo hannunsa, tafin na kallon sama.

"Malama," ya ce, "zo ki duba mani."

Na dubi Inna. Ta juyar da fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina, shi ke nan, tsohuwa ta ga rashin ta-ido, har ta kasa kallo.

Na ce, "Bari in sauke tukunya."

Babu wata tukunya da ke jiran saukewa. Na shiga madafa na tsaya, ina jiran Inna ta tashi alwalar magariba in lallaɓa in koma. Ban san minti nawa na yi ba. Ƙarar faɗuwar kofi na fara ji, sannan salatin Inna.

Bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya saki. Sista ce ta samo mota. A asibitin garinmu suka ce jijiya ce ta fashe a kai, suka tura mu Katsina. Kwana tara muka yi can, ni da Inna a tabarma ɗaya a baranda. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, akwai wani nas da ke juya shi da kansa ba ya ƙyama, Allah ya yi mashi albarka. Malam bai sake magana ba, amma yana gane mutane.

A can na koma ƙirgawa, da hannun hagu mai sauran motsi. Da na matso kusa da gadon sai Inna ta ɗauki buta ta fita, ni kuma in yi sauri in kama hannun kafin ta dawo. In sunkuya in faɗa mashi adadin a kunne. Rana ta huɗu na ce ɗari da goma, na ce mashi ya tuna tafki, ya saki kafaɗa. Na sake ƙirgawa na samu ɗari da biyu. Ya lumshe ido ya buɗe. Ya ji ni. Rana ta tara da hantsi na ɗora yatsuna na yi ta lalube, ban samu abin ƙirgawa ba.

Na tambayi Sista daga baya, in da na kama hannun ranar nan, da ya tsira? Ta ce ba wanda zai iya cewa. Jinin ya riga ya yi ƙarfi, ga kwanakin da bai sha ƙwaya ba, ga hayaniya. Ta ce kada in ɗora wa kaina abin da ba a hannuna yake ba. Na san kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da haka. Amma abin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne, in naka na yawan ciwon ƙeya da bugun zuciya, a je a auna. In an ba da ƙwaya, a nemi wata tun ba ta ƙare ba. In likita ya ce hutu, a sami wani babba ya zauna a zaure ya karɓi gaisuwar 'yan dubiya a madadin marar lafiya. In kuma an koya maku wani abu da ke kwantar mashi da jiki, a gaya wa duk wanda ke gidan, kowane ne shi.

A Barkiya na yi takaba, a ɗakin Inna. Muna kwana ɗaki ɗaya, muna ci ƙwarya ɗaya, amma ba mu taɓa ta da maganar ba. Sai wata rana da kaka ta yi, muna zaune a inuwar rumbu muna ɓarar gyaɗa, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Ɗiyata, abin nan da kike mashi da agogo a asibiti. Mai farin kayan nan ta ce tun a gida kuke yi."

Na ce e.

"Me ya sa kika daina?"

"Kunya, Inna."

Ta daɗe tana murza gyaɗa ɗaya a hannunta.

"Ranar nan na ga ya miƙo hannu," ta ce. "Ban san ko na mene ne ba, amma na ga ke yake nema. In na tashi na fita, zai ce na yi fushi. In na zauna ina kallo, ba za ki iya ba. Shi ne na kau da kai, na rufe fuskata, don ki kama."

Gyaɗar da ke cinyata ta zube. Inna ta sunkuya tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Na yi ta jira in ji kin zauna," ta ce. "Sai na ji takunki kin fita."

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinyarsu bakin magana.